Tambaya da Amsa: Ranar Farko da Rumbun Ajiyar Bayanai na NAS

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon kan abu guda suke magana, wato akwatin nan mai ramukan faya-fayai da ake jonawa a hanyar sadarwar gida ko ta ofis domin kowace kwamfuta ta riƙa ajiya a cikinsa, wanda aka fi sani da NAS. Na zaɓi biyar daga ciki, na rage tsawonsu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne nake kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine mai ma'aikata 12. An sayo mana NAS mai ramuka huɗu tare da faya-fayai huɗu, kowanne terabait 8, aka ce in haɗa shi. Da na kunna, sai manhajarsa ta tambaye ni irin RAID da nake so, ta jero mini 0 da 1 da 5 da 6 da 10. Wani abokina ya ce in ɗauki RAID 5 domin shi ne zai ba ni wuri mai yawa kuma babu haɗari. Shin in bi shawararsa? Me kuma ya kamata in yi kafin in fara zuba fayiloli?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka dakata a wannan gaɓar, domin a cikin dukan tambayoyin da na'urar za ta yi maka, wannan ce wadda gyara amsarta ya fi wuya bayan fayiloli sun shiga. Tun ran gini ake zane.

RAID dabara ce ta haɗa faya-fayai da yawa su zama tamkar guda ɗaya, kuma sunan ya samo asali ne daga wata takardar bincike da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1988. RAID 0 yana raba kowane fayil a kan dukan faya-fayan ba tare da wata kariya ba, saboda haka mutuwar guda ɗaya ta isa ta tafi da komai. Ka cire shi daga lissafinka. RAID 1 yana rubuta abu guda a kan faifai biyu, ya fi dacewa da akwati mai ramuka biyu. Zaɓinka na gaskiya yana tsakanin 5 da 6 da 10.

RAID 5 yana aiki ne da wani lissafi na cike giɓi. Ka ɗauka an rubuta lambobi uku, 3 da 5 da 9, sannan aka rubuta jimillarsu, 17, a wuri na huɗu. Idan 5 ta goge, ana iya dawo da ita ta hanyar cire 3 da 9 daga 17. Idan kuwa lambobi biyu suka goge a lokaci ɗaya, lissafin ya rushe. Haka RAID 5 yake: wurin faifai ɗaya yana tafiya ga lissafin, ka samu terabait 24 daga cikin 32, kuma rumbun zai jure mutuwar faifai ɗaya kacal. RAID 6 yana ajiye lissafi iri biyu, ka samu terabait 16, ya jure mutuwar kowaɗanne faya-fayai biyu. RAID 10 shi ma terabait 16 zai ba ka, yana jera faya-fayan bibbiyu ana kwafe juna, ya fi RAID 5 da 6 saurin rubutu, amma idan biyun da suka mutu abokan juna ne, komai ya tafi.

Abokinka ya yi gaskiya a kan yawan wuri, sai dai bai kalli ranar da faifai zai mutu ba. A ranar, za ka zare mataccen ka saka sabo, na'urar kuma ta shiga sake gina abin da ya ɓace. Don ta yi haka a RAID 5, dole ta karanta sauran faya-fayai ukun daga farko har ƙarshe, wato terabait 24. Ko da a ce tana rubuta megabait 150 a kowace daƙiƙa ba tsayawa, cika faifai mai terabait 8 zai ci kusan awa 15, kuma idan ma'aikata suna aiki da rumbun a lokacin, abin yana iya kai kwana ɗaya ko biyu. A tsawon wannan lokaci ba ka da sauran kariya, kuma faya-fayan da suka rage, waɗanda aka saya rana ɗaya, suka yi aiki awoyi iri ɗaya cikin zafi iri ɗaya, suna ɗauke da nauyi mafi girma da suka taɓa ɗauka. Ga kuma wani abu: takardun bayanin faya-fayai da yawa suna nuna cewa ana iya samun kuskuren karatu da ba ya gyaruwa sau ɗaya a cikin bit tiriliyan 100 da aka karanta, wanda ya yi daidai da kimanin terabait 12.5. Wannan adadi iyaka ce da masu ƙira suka sanya, a aikace faya-fayai sun fi haka kyau, don haka kada ka ɗauka cewa sake ginin zai gaza lalle. Amma ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa, da girman faya-fayai ya ƙaru, masu wannan aiki suka rage amincewa da RAID 5. Idan zane-zanen ofishinku za su shiga cikin terabait 16 har nan da 'yan shekaru, ra'ayina shi ne ka ɗauki RAID 6. Ka kuma sani cewa na'urori da yawa suna ba da damar hawa daga 5 zuwa 6 idan akwai ramin da za a ƙara faifai, kai kuwa ramukanka huɗu duk sun cika, don haka sauya ra'ayi daga baya yana nufin kwashe komai, a rushe, a sake ginawa.

Kafin ma ka danna zaɓin, ka duba lambar samfurin faya-fayan ka tabbatar irin CMR ne, wato wanda layukan rubutunsa ba sa hawa kan juna. Akwai wani iri da ake kira SMR, wanda layukan rubutunsa suke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, ta yadda gyara layi ɗaya yakan tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Irin wannan yana yin nauyi ƙwarai idan aka matsa masa da rubutu mai tsawo, kuma sake gina RAID rubutu ne mai tsawo. A 2020 aka gano cewa wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital masu terabait 2 zuwa 6 irin SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan WD Red Plus. Bayan wannan, ka gudanar da dogon gwajin SMART, wato tsarin da faifai yake duba lafiyar kansa da shi, a kan kowane faifai. Zai ci sa'o'i da yawa, amma gara faifai mai lahani ya bayyana yau da rumbun babu komai. A sakamakon, ka lura da lamba 5, wadda ke ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su, da 197 da 198, masu ƙirga gurabun da karatunsu ya gagara. A sabon faifai dukansu sifili ya kamata su nuna, in ba haka ba ka mayar da shi. Lamba 199 kuwa yawanci matsalar mahaɗi take nunawa, sai ka zare faifan ka sake zaunar da shi da kyau.

Tambaya ta biyu da manhajar za ta yi maka ita ce tsarin fayil, wato yadda za a tsara ajiyar fayiloli a kan faya-fayan. Idan ta ba ka zaɓi tsakanin ext4 da Btrfs, ko kuma ZFS, ka ɗauki Btrfs ko ZFS, saboda dalilan da za ka gani a amsar tambaya ta huɗu; shi ma wannan ba ya sauyuwa sai an share komai. Da ka gama, rumbun zai shiga daidaita faya-fayansa na tsawon sa'o'i ko ma kwana. Ka bar shi ya gama. Ka rubuta lambar silsilar kowane faifai da ramin da yake ciki, ka ajiye takardar, domin zare lafiyayyen faifai a madadin matacce kuskure ne da ya sha faruwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na saka faya-fayai huɗu a rumbuna, biyu masu terabait 4, biyu masu terabait 8, na zaɓi RAID 5. Na yi tsammanin samun terabait 20 ko kusa da haka, sai na ga bai kai 11 ba. An cuce ni ne wajen saye?

Amsa: Babu wanda ya cuce ka, ɗan'uwa. RAID 5 yana ɗaukar kowane faifai a matsayin girman mafi ƙanƙanta, wato dukan huɗun sun zama masu terabait 4, rabin kowane babban faifai yana zaune a banza. Huɗu sau 4 ya ba da 16, a cire 4 na lissafin cike giɓi, saura 12. Ragowar bambancin daga ƙirga ne: masu ƙera faifai suna ƙirga terabait da dubu-dubu, kwamfuta kuwa da 1,024, shi ya sa faifai mai terabait 4 yake bayyana a matsayin 3.64, uku daga cikinsu su ba da 10.9. Idan na'urarka ta kamfanin Synology ce, tana da tsari mai suna SHR wanda yake amfani da ragowar manyan faya-fayan, kuma da waɗannan huɗun zai ba ka terabait 16 tare da jure mutuwar faifai ɗaya. Komawa kansa yana buƙatar rushe abin da ka gina, don haka idan ba ka zuba komai ba tukuna, yanzu ne lokacin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da matsala biyu. Ranar da na haɗa rumbun komai ya tafi daidai, amma bayan mako guda duk kwamfutocin gidan suka daina ganinsa har sai da na sake nemo shi da manhajar kamfanin. Sannan kwafe fayil yana tafiya da megabait 11 kacal a daƙiƙa, alhali an rubuta gigabit a jikin akwatin. Zan iya jona ƙofofin kebul biyun da ke bayansa don saurin ya ninka?

Amsa: Tare da naka, Malam. Matsalar farko ta adireshi ce. Duk na'urar da ta shiga hanyar sadarwa, rauta ce ke ba ta aron adireshin IP na wani lokaci, ta hanyar tsarin da ake kira DHCP, kuma idan wa'adin ya ƙare ko aka kashe rautar aka kunna, tana iya ba ta wani dabam. Wayar hannu ba ta damu da wannan ba, tunda babu mai nemanta da adireshi. Rumbu kuwa kowa da adireshinsa yake zuwa masa, shi ya sa da ya tashi daga 192.168.1.23 ya koma 192.168.1.41, alal misali, kwamfutocinka suka ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Gyaran iri biyu ne. Kana iya shiga shafin rautar ka ɗaure adireshi guda ga lambar MAC ta rumbun, wato lambar shaidarsa ta dindindin a hanyar sadarwa, ta yadda kullum shi za a ba shi. Ni wannan na fi so, domin duk adireshin gidan suna wuri ɗaya inda za a gan su. Ko kuma ka rubuta adireshi tsayayye a cikin rumbun kansa, amma ka tabbatar yana wajen zangon da rautar take rabawa, in ba haka ba wata rana za ta ba wata na'ura irinsa su yi karo. Idan ka bi wannan hanya ta biyu, kada ka manta da cike gurbin adireshin rautar da na DNS, mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, domin idan babu su rumbun zai yi aiki a cikin gida amma ba zai iya sauko da sabuntawa ko aiko maka da saƙon gargaɗi ba. Duk ranar da ka ga adireshinsa ya fara da 169.254, to bai samu amsa daga rauta ba ne sam, ka duba kebul.

Game da sauri, lambar da ka ambata da kanta ta tona asirin matsalar. Bait ɗaya bit takwas ne, don haka megabait 11 a daƙiƙa shi ne iyakar layi mai megabit 100, wato a wani wuri tsakanin kwamfutarka da rumbun akwai mahaɗin da ya faɗo daga gigabit. Kebul ɗin Ethernet yana da siraran wayoyi takwas a ciki. Gigabit yana buƙatar dukansu, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Idan guda ta tsinke ko ba ta kama da kyau a kan kebul ɗin ba, na'urorin biyu ba za su yi ƙorafi ba, sai su sauka zuwa 100 su ci gaba da aiki shiru. Ka buɗe shafin hanyar sadarwa a rumbun da kuma a kwamfutar ka ga saurin da kowanne ya nuna, sannan ka sauya kebul da wani mai darajar Cat5e ko sama. Idan bai gyaru ba, ka duba rautar ko na'urar rarraba layin, domin tsofaffi da yawa ƙofofinsu na megabit 100 ne. Idan komai ya daidaita za ka ga kimanin megabait 110 a daƙiƙa wajen manyan fayiloli, wanda ke nufin terabait ɗaya zai ci kusan awa biyu da rabi. Dubban ƙananan fayiloli kullum sun fi haka jinkiri, kuma awon da aka yi ta Wi-Fi ba abin dogaro ba ne.

Haɗa ƙofofi biyu, wanda ake kira LACP, ba zai ninka maka saurin kwafe fayil daga kwamfuta ɗaya ba, domin kowace hulɗa tana bin layi ɗaya ne daga cikin biyun. Amfaninsa yana fitowa ne idan kwamfutoci da yawa suna jan kaya a lokaci guda, kuma yana buƙatar na'urar rarraba layi da ta san tsarin. Mai son sauri ga kwamfuta ɗaya ya nemi ƙofa mai gigabit 2.5 a ɓangarorin biyu, wadda take aiki a kan Cat5e har tsawon mita 100. Za ka kuma ga wani gurbi mai suna MTU, wato iyakar girman kowane ƙunshin bayanai da ake aikawa, ɗauke da 1500. Ka bar shi yadda yake. Mayar da shi 9000 a rumbu kawai, ba tare da sauran na'urorin ba, yana jawo matsalolin da gano su ke da wuya.

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ni malama ce, kuma ni ke riƙe da takardun makarantarmu, daga sakamakon jarrabawa har bayanan albashi. Wanda ya haɗa mana rumbun ya bar asusu guda mai suna admin, kowa da shi yake shiga, kuma ya buɗe hanyar da shugaban makaranta zai riƙa shiga daga gida. Ya ce tunda RAID ne ba ma buƙatar wani kwafi a wani wuri. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma abubuwa ukun da kika ambata duk suna buƙatar gyara, sai dai na ukun ya fi gaggawa, da shi zan fara.

RAID yana kare ki daga abu ɗaya tak, wato mutuwar faifai. Idan wani ya goge foldar sakamakon jarrabawa bisa kuskure, za ta goge a kan dukan faya-fayan a daƙiƙa guda. Idan manhajar garkuwa da fayiloli ta shiga kwamfutar wani malami ta kulle duk abin da hannunta ya kai, RAID zai adana kullallun fayilolin da aminci kamar yadda ya adana na asali. Gobara, sata, tsawa da lalacewar akwatin kansa duk suna cin faya-fayan gaba ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ta 3-2-1: kwafi uku na kowane abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. A aikace wannan yana iya zama rumbun kansa, da faifan USB da ake jonawa a yi kwafi sannan a zare a adana, da kuma kwafi na uku a ma'ajiyar intanet ko a wani rumbu da ke wani gini. Tunda akwai bayanan albashi a ciki, a kulle kwafin da zai fita waje da mabuɗin sirri, a rubuta mabuɗin a takarda a ajiye inda ba a cikin rumbun ba. Faifan da aka bari a jone dare da rana bai cika sharaɗi ba, domin duk abin da ya samu rumbun yana iya samunsa.

Idan tsarin fayil ɗin Btrfs ne ko ZFS, kina da wata garkuwa kuma. Waɗannan suna iya ɗaukar hoton halin da folda take ciki a wani lokaci, ba tare da cin wuri mai yawa ba, domin abin da ya sauya bayan hoton kawai ake ƙara ajiyewa. A saita shi ya riƙa ɗauka kowace awa a lokacin aiki, a riƙe na kwanaki da na makonni. Wanda ya goge fayil da hantsi zai same shi a hoton safe. Suna kuma ajiye lambar tantancewa ga bayanan da aka rubuta, ta yadda idan wani gurbi ya lalace shiru za a gane a gyara shi daga sauran faya-fayan. A Btrfs na wasu na'urori sai an kunna wannan tantancewar lokacin ƙirƙirar foldar, ki duba. A sa rumbun ya riƙa yi wa kansa tankaɗe da rairaya, wato ya karanta duk bayanan yana tantance su, sau ɗaya a wata. Hotunan nan dai a kan faya-fayan rumbun suke zaune, don haka ba su maye gurbin kwafin waje ba.

Sai batun asusu. Sunan admin shi ne na farko da masu kutse suke gwadawa, don haka a ƙirƙiri sabon asusun gudanarwa da wani suna, a ba shi doguwar kalmar sirri tare da tabbatarwa mai mataki biyu, sannan a kashe na admin da na baƙo. Kowane ma'aikaci ya samu asusunsa, a tara su rukuni-rukuni, malamai dabam, ofishin kuɗi dabam, a ba da izinin folda ga rukuni maimakon mutum ɗaiɗai, domin idan wani ya bar aiki asusunsa kawai za a rufe. Foldar albashi kada ma ta bayyana ga wanda ba shi da hurumi a cikinta. Ke kanki kada ki yi aikin yau da kullum da asusun gudanarwa. A shafin rabon fayiloli, a kunna SMB, tsarin da ake raba folda da shi, ga kwamfutocin Windows da Mac, a sa mafi ƙarancin sigarsa ta zama SMB2, domin ta wani rauni a SMB1 ne manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayu na 2017. Duk hidimar da ba kwa amfani da ita, irin su FTP da Telnet da SSH, a bar ta a kashe.

Hanyar da aka buɗe wa shugaban makaranta ita ce ta fi tayar mini da hankali bayan rashin kwafi. Idan abin da aka yi shi ne buɗe ƙofa a rauta kai tsaye zuwa shafin gudanarwar rumbun, ko zuwa ƙofa mai lamba 445 ta SMB, to rumbun yana fuskantar duk duniya, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki sai bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna neman irin waɗannan ƙofofi. Haka Qlocker ta yi a 2021 da DeadBolt a 2022, inda suka kulle fayiloli a rumbunan kamfanin QNAP da ke buɗe ga intanet suka nemi kuɗin fansa, kamar yadda SynoLocker ta yi wa na Synology a 2014. A rufe waɗannan ƙofofi, a kashe UPnP a rauta da rumbun, domin shi ne ke ba na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba da sanin kowa ba. Shugaban ya riƙa shiga ta VPN, irin su WireGuard, wanda zai sa kwamfutarsa ta zama tamkar tana cikin ginin makarantar. A kuma kunna sabunta manhajar rumbun.

Abubuwa biyu ƙanana sun rage. A jona rumbun da batirin ko-ta-kwana na UPS, a haɗa su da kebul ɗin USB domin rumbun ya san wuta ta ɗauke ya kashe kansa cikin tsari kafin batirin ya ƙare. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya barin bayanai da lissafinsu na cike giɓi suna saɓa wa juna. Sannan a saita saƙon gargaɗi ta imel, a danna gwaji a ga ya iso. Na taɓa zuwa wani ofis na tarar da faifai ɗaya ya mutu watanni da suka wuce, rumbun yana ta kuka a cikin kabad a rufe, ba wanda ya sani sai da na biyu ya bi shi. Da zarar kwafin farko ya kammala, Malama, ki zaɓi folda guda ki dawo da ita daga kwafin zuwa wani wuri ki buɗe fayilolin da idonki, ki kuma maimaita haka lokaci zuwa lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 da katin RAID a cikinta, ina so in mayar da ita rumbu da TrueNAS. Sannan na ga ana maganar iSCSI, shin shi zan kunna don kwamfutocina uku su riƙa amfani da wuri ɗaya?

Amsa: Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin da TrueNAS, manhajar da ke mayar da kwamfuta rumbu ta amfani da ZFS, yake buƙata, zai yi aiki, amma ƙari zai taimaka domin ZFS yana amfani da ƙwaƙwalwa wajen saurin karatu. Katin RAID ɗin ne abin lura. ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, yana so ya ga kowane faifai kai tsaye domin shi ke yin lissafin kariyar da kansa. Katin da ya haɗe faya-fayan ya miƙa masa su a dunƙule yana ɓoye masa kurakurai da bayanan SMART. Ka jona faya-fayan a mahaɗan SATA na allon kwamfutar, ko ka yi amfani da katin HBA da ke miƙa su yadda suke. Manhajar tana buƙatar ƙaramin faifai nata na dabam wanda ba za a ajiye fayiloli a kansa ba. A nan RAIDZ1 ne takwaran RAID 5, RAIDZ2 kuma takwaran RAID 6, kuma an fi so kada cikar rumbun ta wuce kashi 80 cikin 100, domin daga nan rubutu yake fara nauyi.

iSCSI kuwa ba shi ne abin da kake nema ba. Shi yanki yake yankowa daga rumbun ya miƙa wa kwamfuta a matsayin ɗanyen faifai, ita ce za ta tsara shi da tsarin fayil ɗinta, kamar NTFS, tana ganin nata ne ita kaɗai. Idan kwamfutoci biyu suka kama yanki ɗaya suna rubutu, kowacce ba ta san abin da ɗayar ta yi ba, cikin ɗan lokaci tsarin fayil ɗin zai lalace. An yi shi ne don manyan kwamfutocin da ke ɗauke da injunan kwaikwayo, wato kwamfutocin manhaja da ke aiki a cikin wata kwamfuta, ko rumbun bayanan wata manhaja. Don kwamfutocinka uku, ka ƙirƙiri folda ta rabo da SMB, ko da NFS idan dukansu Linux ne, rumbun da kansa zai riƙa kula da wanda ya buɗe wane fayil.